Babi na Shida: Idan Ana Cin Zalin Ɗanki a Makaranta ko a Waya

Ki samu wuri ki zauna, ki ajiye wayarki kusa, domin za mu yi aiki da ita. Idan wata kalma ta gagare ki, ki ɗora yatsa a ƙarƙashinta, ki bi ta harafi-harafi kamar yadda muka saba a aji. Babu gaggawa.

Darasi na 1: Gane cin zali

Yara biyu sa'o'in juna su yi faɗa a kan fensir, kafin la'asar ki gan su suna langa tare, wannan faɗan yara ne. Cin zali kuwa maimaita shi ake yi, yau da gobe, a kan yaro ɗaya, kuma mai yin ya fi shi ƙarfi, ko shekaru, ko yana da taro a bayansa. A ƙwace masa kuɗin tara. A ture shi daga benci ya zauna a ƙasa. A laƙaba masa suna. A ce kowa kada ya yi wasa da wance.

Nan Gusau mun san yaran da aka fi taɓawa. Akwai wanda iyayensa suka baro ƙauye saboda 'yan bindiga, aka sa shi aji uku alhali ya kai ɗan aji shida, ga rigar makaranta babu. Akwai yaron Fulani ɗan shekara takwas da ake kira ɓarawon shanu, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ga mai in'ina, ga mai sikila da ba ya iya gudu, ga zabiya. Allah Ya hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi a Suratul Hujurat, aya ta 11, kuma yaranmu suna biya surar a Islamiyya. Hukumar UNESCO ta bayyana a 2019 cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ana cin zalinsa a makaranta. Ki gwada lissafin a littafinki: a aji mai yara 60, ɗaya cikin uku nawa ke nan? Amsa 20.

Darasi na 2: Sauraro

Yaro ba ya zuwa ya ce, "Inna, ana cin zalina." Jikinsa ne yake faɗa. Ciwon ciki kowace safiya, amma ran Asabar da Lahadi garau. Aljihun riga a yage. Ya dawo da yunwa bayan kin ba shi kuɗin tara. Fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina. Yarinyar da ta saba cika gida da surutu ta koma ƙuryar ɗaki.

Kada ki tambaye shi a tsakar gida gaban yayye da kishiyoyi. Ki ja shi ɗaki, ko ki sa shi ya taya ki tsintar shinkafa, sannan ki ce, "Da wa ka zauna yau? Wa ya ci abincin tara tare da kai?" Idan ya fara magana, ki kama bakinki har ya gama. Da muka gwada wannan a aji, ɗaya ta zama uwa ɗaya ta zama ɗiya, kusan kowace uwa ta katse da cewa, "Kai me ka yi masa?" ko "Ba ka da hannu ne? Je ka rama!" Yaron da ya ji haka ba zai ƙara kawo miki ƙara ba. Ga abin da za ki ce, ki karanta da ƙarfi: "Na ji. Ba laifinka ba ne. Ka kyauta da ka gaya mini."

Darasi na 3: Hoton saƙo

Ɗan firamare ba shi da waya, amma taki tana hannunsa. Ya karɓa zai yi wasa, ko zai duba aikin gida a guruf ɗin aji. WhatsApp da Facebook da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai amfani da su, kuma mafi yawan 'yan firamare ba su kai ba. Duk da haka suna ciki, da lambobinmu. A can ne ake ɗaukar hoton yaro yana gyangyaɗi a mai da shi sitika, ko a turo saƙon murya ana kwaikwayon in'inarsa. Na makaranta yana ƙarewa idan an tashi, na waya kuwa har kan tabarmar barci yake bin yaro.

Yanzu ki nutsu, nan ne inda aka fi faɗuwa. Idan kin ga mugun saƙo, kada ki goge. Na san zuciya tafasa take yi, hannu kuma ya fi hankali sauri. Wata ɗalibata, uwar 'ya'ya biyar, ta ga abin da aka rubuta wa ɗiyarta, ta goge nan take tana hawaye. Washegari ta tafi makaranta, aka ce ta nuna, ta miƙa waya babu komai a ciki. Uban ɗayan yaron ya ce ƙazafi ne. Haka ta dawo gida. Saboda haka kada ki goge, ki fara ɗaukar hotonsa.

Ga yadda ake yi a yawancin manyan wayoyi irin su Tecno da Itel da Infinix. Ki buɗe saƙon ya fito a fuskar waya, a ga suna ko lambar wanda ya turo a sama. Ki laluba gefen wayar. Akwai dogon maɓalli na sauti: samansa yana ƙara sauti, ƙasansa yana ragewa. Akwai kuma ƙaramin maɓalli na kunnawa da kashewa. Ki ɗora yatsa ɗaya a kan na rage sauti, ɗaya a kan na kashewa. Kada ki danna tukuna, ki ɗora kawai. Yanzu ki danna su tare, lokaci ɗaya, kamar ƙiftawar ido biyu, ki saki. Fuskar wayar za ta yi walƙiya. Hoto ya ɗauku.

Idan wayar ta yi duhu, kin riga danna na kashewa. Idan sandar sauti ta fito, kin riga danna na rage sauti. Babu abin da ya lalace, wayarki lafiya lau take. Ki sake buɗe saƙon, ki ɗora yatsu biyu, ki danna tare. Tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Idan hannu ɗaya ya gaza, ki riƙe wayar da hagu, ki sa yatsu biyu na dama. Ni ma sai da na gwada sau da yawa kafin hannuna ya saba. Ki sake. Ɗora yatsu, danna tare, saki. Sannan ki shiga inda hotunanki suke ki tabbatar yana nan.

Me ya sa nake matsa muku a kan wannan? Wanda ya turo saƙo a WhatsApp yana iya janye shi daga wayarsa da taki gaba ɗaya. Idan kika ce sai an jima, kina iya dawowa ki tarar ya ɓace. Hoton da kika ɗauka kuwa naki ne, hannunsa ba ya kaiwa can. Idan saƙon murya ne, hoto ba ya ɗaukar sauti, sai ki bar shi yadda yake, ki kunna wa malamar aji ko maigida su ji da kunnensu. Idan ƙaramar waya ce mai madannai, ki roƙi maƙwabciya ta ɗauki hoton fuskarta da tata.

Makon jiya na ce kowa ta gwada sau biyar a gida. Da muka haɗu, kaɗan ne suka yi. Sauran suka ce aiki ya yi yawa. Haba jama'a! Kuna da lokacin sauraron saƙon biki da na adashi, amma minti biyu saboda ɗiyanku ya gagara? Wasu kuma suka miƙa wa yaran su yi musu. To ranar da saƙon ya shafi yaron, kunya za ta sa shi ya goge kafin ki gani. Ki koya da hannunki. Ɗora yatsu biyu, danna tare, saki.

Darasi na 4: Toshe lamba

Kin ɗauki hoton? Idan ba ki ɗauka ba, ki koma darasi na 3. Idan kin ɗauka, ki taɓa sunan da ke saman hirar, ki ja ƙasa har ƙarshe. Za ki ga jan rubutu mai haruffa biyar, B, l, o, c, k. Ki taɓa shi. Wannan lambar ba za ta ƙara turo miki saƙo kai tsaye ba, amma a cikin guruf za ta iya, sai ki gaya wa mai kula da guruf ɗin. Kada ki rama zagin. Kada kuma ki huce a kan yaronki da duka.

Darasi na 5: Zuwa makaranta

Kada ki tare ɗan wani a hanya. Ki fara da malamar aji, ki nuna mata hoton. Idan mako ya wuce babu canji, hedimasta. Daga nan sai kwamitin kula da makaranta, wanda akwai iyaye a cikinsa. Ki rubuta ranar kowace zuwa a littafinki. Idan barazanar kisa ce ko ta cutarwa, dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana, a kai wa 'yan sanda. Lambar gaggawa 112.

Darasi na 6: Idan ɗanki ne mai yi

Kada ki ce ɗana ba zai yi ba. Ki saurara. Ya mayar da abin da ya ƙwace, ya ba da haƙuri. Ki kuma duba sunayen da ake kiran mutane da su a gidanku.

Aikin gida

Ki rubuta kalmomin nan sau uku-uku: zali, saƙo, hoto, goge. Ki ɗauki hoton saƙo biyar, ki zo da wayar ran Litinin in gani.