Babi na 7: Kifin Zinare da Ciwon da Yake Tafiya Yana Dawowa

Darasi na 1: Daga ina ciwon yake fitowa?

Sannunku da ƙoƙari. Da yawanku kun zo mini da kuka iri ɗaya. An sayi kifin zinare saboda yara ko don ƙawata falo, ya kamu da ciwo, an zuba magani ya warke, bayan mako biyu ciwon ya dawo. Wata baiwar Allah a ajinmu sau uku tana sayen kifi suna mutuwa, har ta ce ita dai hannunta ba ya karɓar kiwo. Na ce mata, Hajiya, ki bar zargin hannunki, mu je mu duba ruwan.

Kifin zinare asalinsa daga ƙasar Sin yake, a can aka fara kiwonsa sama da shekara 1000 da suka wuce. Kifi ne mai taurin rai. Idan ya samu kulawa yana kai shekara 10 zuwa 15, wani ma ya wuce haka. Saboda haka in naku yana mutuwa cikin wata biyu, akwai abin gyara.

Ku tuna da wannan: a cikin ruwan yake ci, a ciki yake kashi, a ciki yake numfashi. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe suna fitar da wata guba mai suna amoniya. Mu faɗa tare, a-mo-ni-ya. Ita ce mai warin nan da yake sa ido hawaye a akurkin kajin da aka daɗe ba a share ba. A cikin ruwa ba a ganinta. Ruwa zai yi garau kamar a sha, alhali gubar tana ƙona wa kifi wurin numfashinsa. Da jikinsa ya yi rauni, kowace cuta sai ta samu ƙofa. Magani yana kashe cutar yau, amma muddin ruwan bai gyaru ba, gobe za ta dawo.

Cikin ikon Allah akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, da suke cinye wannan guba. Suna zaune ne a cikin soson matatar ruwa, wato filta, da jikin tsakuwar da ke ƙasan tanki, wato akwatin gilashin da kifin yake ciki. Sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi yanzu.

Darasi na 2: Yadda ake canza ruwa

Wannan shi ne darasin da aka fi kuskurewa, don haka za mu tafi a hankali. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne.

Da farko, tun jiya za ka tari ruwa a bokiti mai tsabta, wanda ba a taɓa yin wanki a cikinsa ba. Ka bar shi a buɗe a ɗakin da tankin yake, ya kwana ya wuni, awa 24. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin, mai kashe kifi da ƙwayoyin nan masu amfani, kuma in ruwan ya kwana a buɗe kulorin yana fita. Masu sayar da kifin ado suna da maganin ɗigawa na kashe kulorin, in ka samu shi ya fi. Ko ruwan rijiya ne ko na burtsatse, bar shi ya kwana, don zafinsa ya zo daidai da na tankin.

Na biyu, ka samo zare, ka auna tsayin ruwan daga samansa zuwa ƙasan tanki, ka yanke. Ninka zaren biyu. Sake ninka shi biyu. Wannan ɗan guntun da ke hannunka shi ne kashi ɗaya cikin huɗu, ana rubuta shi haka: 1/4. Ɗora shi a jikin gilashi daga saman ruwa zuwa ƙasa, inda ya tsaya ka manna ɗan salatif. Wannan ita ce alamarka.

Na uku, ka zuƙe ruwa da tiyo, bakin tiyon yana cikin tsakuwa don ya kwaso kashin da ya kwanta. Da ruwa ya sauko kan alama, tsaya. Kifin yana ciki, kada ka fitar da shi.

Na huɗu, ka zuba ruwan da ya kwana a hankali, ta gefe, har ya koma inda yake.

Shi ke nan. Sau ɗaya a mako. Mu maimaita: ruwan da ya kwana, kashi ɗaya cikin huɗu, sau ɗaya a mako. Nawa za ka ɗiba? Kashi ɗaya cikin huɗu. Nawa za ka bari a ciki? Kashi uku. Wane ruwa za ka zuba? Wanda ya kwana. Madalla, kun ga ba wuya.

Soson filta kuma, idan ya toshe, ka matse shi a cikin tsohon ruwan da ka zuƙo daga tanki. Kada ka kai shi bakin famfo. Ba ruwansa da sabulu, ba ruwansa da omo. In ya koma da ɗan launin ƙasa-ƙasa, daidai ke nan, mazauna cikinsa suna nan da ransu.

A nan dole in yi magana. Makon jiya wani dattijo, bayan mun yi wannan darasi sau biyu, ya koma gida ya kwashe kifinsa ya zuba a kwano, ya zubar da ruwan kaf, ya wanke gilashi da tsakuwa da soso da omo har suna ƙyalli, ya cika da ruwan famfo nan take. Washegari kifin yana sama yana haki. Na san tsabta ya nufa, amma Baba, ba haka muka yi da kai ba. Abin da aka yi mako shida ana tarawa, ka kashe shi cikin rabin awa. Haba jama'a, me ke da wuya a ninka zare? Na gaji da jin "ai na ga ruwan ya yi datti ne". In ya yi datti ƙwarai, ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu yau, gobe ka sake ɗibar kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a zubar da shi duka. Ku rubuta a littafinku da manyan baƙaƙe: BA A ZUBAR DA RUWAN DUKA.

Darasi na 3: Ciwon farin ɗigo

Alamarsa: ƙananan fararen ɗigo a jiki da wutsiya, kamar an barbaɗa gishiri. Kifin yana goga jikinsa da tsakuwa. Ya fi tasowa idan ruwa ya yi sanyi farat ɗaya, kamar a daren hunturu, ko bayan an kawo sabon kifi.

Ga dalilin da ya sa wannan ciwo yake dawowa. Wani ɗan ƙwaro ne yake shiga ƙarƙashin fatar kifi, kuma a nan magani ba ya isa gare shi. Idan ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasan tanki, ya hayayyafa ɗaruruwa, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi. A lokacin iyon nan kaɗai magani yake kashe su. To kai ka ga ɗigo ya ɓace ka ce an warke, ka daina magani, su kuwa suna ƙasa suna shiri. Kamar mai zazzaɓin cizon sauro ne da ya ji sauƙi ya ajiye ƙwayoyin bai shanye ba.

Maganinsa na kusa shi ne gishiri tsantsa, wanda ba a haɗa shi da komai ba. Cokalin shayi ɗaya a shafe ga kowace lita 5. Jarka mai lita 25 cokali 5 ke nan. Narkar da shi a kofi kafin ka zuba. Gobe ka ƙara irin wannan awo, jibi ka ƙara, sai ka tsaya. A bar kifin a haka kwana 10 zuwa 14, ko da ɗigon ya ɓace tun kwana na huɗu. Gishiri ba ya bin iska ya fita, don haka in ka canza ruwa, awon ruwan da ka ɗiba kaɗai za ka mayar masa da gishiri, cokali 3 ga kowace lita 5, tunda sau uku ka zuba. Nawa ake ɗiba? Kashi ɗaya cikin huɗu, a mayar da wanda ya kwana.

In maganin kwalba ka sayo, bi awon da ke jikinsa, kuma ka cire gawayin da ke cikin filta, don yana shanye magani.

Darasi na 4: Wutsiya mai zagwanyewa

Bakin wutsiya yana yagewa, ya yi fari ko ja. Ruwa mara kyau ne ya jawo. Canza kashi ɗaya cikin huɗu kowane kwana biyu har tsawon mako biyu, da ruwan da ya kwana. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa wutsiyar ta sake tofowa. Ku duba cunkoso kuma. Kifi ɗaya yana son wajen lita 75, wato jarka uku. Ƙaramar ƙwaryar gilashin nan ba gidan kifi ba ce.

Darasi na 5: Kifi mai kifewa

Yana tasowa sama ko yana juyewa ciki a sama. Yawanci yawan abinci ne. Hana shi ci kwana 2 ko 3, sannan ka ba shi dafaffen koren wake da aka ɓare. Daga nan, abin da zai cinye cikin minti biyu kawai. A ja wa yara kunne.

Darasi na 6: Zafi da sabon kifi

Da bazara ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Janye tanki daga rana. In an ɗauke wuta, riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama.

Sabon kifi a ajiye shi daban mako 2 zuwa 4 kafin a haɗa.

Aikin gida: kowa ya zo da zarensa a ninke, ya kuma rubuta ranar da zai riƙa canza ruwa.