Saint-Guilhem-le-Désert: inda baƙon Montpellier zai fara sanin ƙauyen Faransa

Wanda ya sauka Montpellier domin karatu ko neman abinci, watanninsa na farko sukan ƙare ne tsakanin ɗaki, wurin aiki da layin ofishin takardun zama. In Asabar ta zo, sai barci da latsa waya. Na ga samari da yawa sun shekara a haka, kewar gida tana cin su, alhali wuraren da wasu ke biyan kuɗin jirgi su zo kallo suna nan a bayan gari. Ɗan'uwa, ka ware rana guda tun da wuri ka fita, kuma ka fara da Saint-Guilhem-le-Désert.

Ƙauyen yana arewa maso yamma da Montpellier, nisan kimanin kilomita 40, a maƙale cikin duwatsu kusa da kogin Hérault. Mazaunansa kimanin 250 ne. Ba sai kana da mota ba. Bas ɗin liO na yankin Occitanie yana tashi daga Mosson, inda layin taram (jirgin ƙasa na cikin gari) na 1 ya ƙare, kuma kuɗinsa 'yan yuro kaɗan ne. Ka duba lokacin bas na ƙarshe tun kafin ka bar gida, musamman ranar Lahadi, domin in ya wuce ka, tasi daga can zai cinye maka kuɗin cefanen mako.

Abu na farko shi ne gaisuwa. A cikin birni mutane kan wuce juna ba ko kallo, sai baƙo ya ɗauka haka duk ƙasar take. Ƙauye ba haka ba ne, ya fi kama da namu na gida: ba ka wuce dattijo a bakin ƙofarsa ka yi shiru. Ka ce "bonjour" ga wanda ka haɗu da shi a hanyar dutse, ka ce wa mai shago tun kafin ka tambayi farashi, in za ka fita ka ce "au revoir". Wani zai ɗan ƙura maka ido, ba na musun haka. Ka riga shi gaisuwa. Yawanci daga nan fuska take sakewa, har ya nuna maka hanya.

A tsakiyar ƙauyen akwai dandali da wata ƙatuwar bishiyar platane da aka shuka a 1855, inuwarta ta rufe filin. A gefenta cocin Gellone yake. Wanda ya kafa wurin a shekarar 804 shi ne Guilhem, ɗan'uwan sarki Charlemagne, mayaƙin da ya kara da rundunar Musulmin Andalus a 793, yana kuma cikin waɗanda suka ci Barselona a 801. Daga baya ya ajiye takobi ya koma wannan kwari yana ibada, har ya rasu a 812. Mu da muka fito daga gidajen Musulmi ya kamata mu san cewa tarihin wannan yanki ya taɓa namu, domin birnin Narbonne, nan kusa, ya yi shekara 40 a hannun Musulmi, daga 719 zuwa 759. Cocin da ke tsaye yau ginin ƙarni na 11 ne, kuma ƙofarsa a buɗe take ga masu ziyara. Maza sukan cire hula a ciki, ana kuma rage murya. In ka leƙa farfajiyar ciki za ka ga ginshiƙai sun yi giɓi. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789 aka sayar da wurin, duwatsun suka warwatse, wasunsu yanzu suna gidan tarihi na The Cloisters a New York. A 1998 UNESCO ta sa cocin cikin kayan tarihin duniya, domin yana kan hanyar masu tattakin ibada zuwa Compostela a Sifaniya. Za ka gan su da sanda da jakar goyo, da ɓawon dodon-koɗin teku a rataye.

Ka lura da ƙofofin gidaje. Akwai wata busasshiyar fure mai ƙaya, faffaɗa kamar rana, da ake kafawa a jikinsu. Cardabelle ake ce mata. Makiyaya sun daɗe suna karanta yanayi da ita, domin takan tsuke in iska ta yi danshi, alamar ruwa na tafe. In ka gan ta a daji kada ka tsinka.

Abin da na fi so ka yi shi ne tafiyar ƙasa. Bayan ƙauyen akwai wani kwari da dogayen duwatsu suka kewaye, Cirque de l'Infernet, kuma daga nan hanyar Fenestrettes take hawa, wadda aka gina da duwatsu a jikin tsauni tun zamanin masu ibadar cocin. Zagayen yakan ci awa uku zuwa huɗu, ko sisi ba a biya. Hanyoyin daji a Faransa suna da alamun fenti a jikin dutse ko bishiya. Fari da ja na doguwar hanya ce mai ɗaukar kwanaki, rawaya ta yini ɗaya ce. In ka ga fentin ya zama gicciye, ba nan ba ce, ka koma baya. Silifas ba su da wuri a nan, ka nemi takalmi mai riƙe ƙasa, ka ɗauki ruwa aƙalla lita biyu, domin sama babu famfo babu shago. Kada ka ce ai kai ɗan rana ne. Zafin Yuli a kan farin dutse yana kayar da mutum ko daga ina ya fito.

Kowane lokaci da abin kiyayewarsa. Da zafi hukuma takan rufe wasu dazuka saboda gobara, kuma hura wuta ko gasa nama a daji laifi ne mai tara. Daga Satumba zuwa Fabrairu mafarauta suna fita, in ka ga allo an rubuta "chasse en cours", wato ana farauta, ka sauya hanya. A watannin Satumba zuwa Nuwamba kuma akan yi wani irin ruwan sama da ke cika kogi cikin 'yan awoyi, don haka in hukumar yanayi ta yi gargaɗi mai launin lemo ko ja, ka zauna gida. Lambar neman agaji 112 ce.

Kilomita kaɗan ƙasa da ƙauyen akwai Pont du Diable, gadar ƙarni na 11 da cocin Gellone da na Aniane suka haɗu suka gina. A ƙarƙashinta kogin ya buɗe, ruwan kore shar, mutane suna wanka. Nan ne nake jin tsoro wa yaranmu. Ruwan yana da sanyi da zurfi, kuma ƙasansa yakan zarce farat ɗaya. An hana tsalle daga kan gadar, amma za ka ga masu yi, kuma an sha rasa rayuka a haka. In ba ka iya iyo ba, ka faɗa ba kunya, ka tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Masu ba da hayar kwalekwale ma sai sun tambaye ka ko ka iya iyo, kada ka yi musu ƙarya. Mai iyali kuma ya sani cewa da zafi shigar masu wanka ba irin wadda muka saba ba ce. In hakan zai dame ku, ku zo a Afrilu, Mayu ko Oktoba.

Kusa da gadar akwai kogon Clamouse, wanda masu binciken kogo daga Montpellier suka gano cikinsa a 1945. Nan ana biyan kuɗin shiga. Ciki sanyi ne, wajen digiri 17 rani da damina, sai ka riƙe rigar sanyi.

Ka taho da guzurinka. Mahautan halal suna Plan Cabanes da Mosson, a ƙauye ba za ka samu ba. Gidajen abinci sukan daina ba da na rana wajen ƙarfe biyu, kuma jambon, lardons da saucisson duk alade ne, har cikin salak akan barbaɗa su. Burodi, zaitun, zuma da cukun akuya da ake kira pélardon sun ishe ka. Masallaci babu, sai ka sa ƙaramar darduma a jaka, ka ratse gefen hanya inda ba ka tare wa kowa ba. Gonakin inabi da na zaitun suna da masu su ko da babu shinge, ba a shiga, ba a tsinka. In kana neman abokan tafiya, ka tambayi ofishin magajin garin unguwarku ƙungiyar masu "randonnée", wato tafiyar ƙasa a daji. Yawancinsu dattawa ne, sun san kowace hanya, kuma a bakinsu Faransancinka zai fi saurin nuna.