Rilaksa a gida: kurakuran da suke cinye mana gashi

Satin da ya wuce wata yarinya 'yar maƙwabtanmu ta shigo ɗakina da ɗankwali ɗaure tamau, idanunta sun yi ja. Da ta kwance shi, sai ga ƙeyarta duk ta yi ɓawo, gashin ya manne da ruwan ciwo ya daskare kamar an zuba masa ƙaro. Na ce, "Tsifa kika yi da safe, kika sa da yamma ko?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "E, Anti." Ita ce ta uku da na gani a wata guda, kuma duk hanya ɗaya suka bi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Da farko ki san abin da kike ɗorawa a kanki. Duk wadda ta taɓa haɗa sabulun wanki ta san kostik soda, ta san yadda ake sa safar hannu a kawar da fuska idan za a jiƙa ta. To, ita ce dai a cikin rilaksa mai ƙarfi irin ta roba ɗaya, an dama ta da mai ta zama kirim. A ma'aunin da masana suke auna tsami da kaifin sinadari, wanda ya tsaya a 14, gashi da fatar kai suna wajen 4.5 zuwa 5.5, ita kuwa rilaksa tana kaiwa 12 har sama. Aikinta shi ne ta tsinka ƙulle-ƙullen da ke cikin silin gashi, waɗanda suke sa shi murɗewa. Abin da ta tsinka ba ya komawa. Gashin da ya kwanta gashi ne da aka rage wa ƙarfi, komai sheƙinsa.

Wasu kuma suna ganin "No-Lye" a jikin kwali sai hankalinsu ya kwanta, wai wannan ba ya ƙuna. Yana ƙuna. Irin wanda ake zuba ruwan ƙaramar kwalba a cikin kirim a juya, haɗuwar biyun ce take samar da sinadarin da ke aiki. Ya ɗan fi sauƙi a fata, amma ya fi busar da gashi. Kuma da zarar kin haɗa, na ranar ne kawai. Ragowar da kike rufewa ki ajiye a saman firji don wata mai zuwa, zubar da ita.

Yanzu ga wanda ya fi ci min rai, don ni ma ya ci ni.

Ina da shekara goma sha tara, ana jibi ɗaurin auren yayata. Ƙananan kitso ne a kaina, na kusan sati shida. Na tsefe shi da tsinke, na sa kum na kankare amosanin da ya taru tas, har ina jin daɗin susar, na wanke da ruwan zafi. Bayan la'asar wata mata a layinmu da ake cewa ta iya ta zo ta lafta min mai ƙarfin nan da aka rubuta wa "Super". Ko minti biyar ba a yi ba na ji kamar an watsa min barkono. Na ce, "Anti, zafi." Ta ce, "Ki daure mana, ai yanzu ya fara ci." Ta tafi duba tukunyarta. Na zauna a kan tabarma ina fifita kaina da murfin roba, hawaye na zuba, har aka kira magariba. Washegari filona ya manne da kaina. Haka na yi bikin, ɗaurin ɗankwali ma sai na cije leɓe. Bayan kunnena na hagu akwai wuri kamar faɗin kwabo, yau sama da shekara ashirin ko sili ɗaya bai sake fitowa ba. Garin neman gira na rasa ido.

Don Allah ku daina cewa sai ya yi zafi yake aiki. Ƙarya ce, kuma ta nakasa mata da yawa. Zafin nan fatarki ce take ƙonewa. Idan ƙunar ta yi zurfi ta kai saiwar gashi, wurin tabo yake zama, kuma babu man da zai tsirar da gashi a kan tabo, ko nawa kika saye shi. Tsifa da susa suna barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, ta nan maganin yake shiga. Wanke kai kuma yana kwashe maiƙon da fatar take kare kanta da shi. Ni ka'idata, sati guda cur tsakanin tsifa da rilaksa. Kwana uku na ƙarshe ba wanki, ba susa. Idan ƙaiƙayi ya dame ni sai in bubbuga wurin da tafin hannu. Idan biki ya matso kuma satin bai samu ba, a haƙura, a yi kitso, a ɗaura ashobi a kai. Babu wanda zai leƙa ƙarƙashin ɗankwalinki.

Ranar sawa, da safe nake yi kafin rana ta ɗaga, ban shiga kicin ba, ban yi gumi ba. Kan da ya jiƙe da zufa ya fi saurin jin zafi, musamman a watannin bazara. Ina raba kan gida huɗu, in bi tsaga-tsaga da bazilin, in shafe goshi, saman kunnuwa da bayan wuya. Agogon waya kuma yana fara lissafi ne daga lokacin da maganin ya taɓa silin farko, ba daga lokacin da aka gama shafawa ba. Nan mutane da yawa suke faɗuwa: a ɗauki minti ashirin ana shafawa ana hira, sannan a ce bari a jira minti goma sha biyar. Takardar da ke cikin kwali ta faɗi iyakar lokaci, ki karanta ta, kada ki wuce. Ni a minti goma sha biyar nake tashi, duk da gashina mai tauri ne. Ana farawa daga tsakiya da baya inda gashi ya fi cika, gaban goshi da ƙeya su ne na ƙarshe, don gashin wurin siriri ne. Idan kuwa zafi ya taso kafin lokaci ya cika, tashi ki wanke. Ba a shawara da shi.

Kuskure na biyu ba ya zafi, shi ya sa ya fi yaɗuwa: shafe gashi tun daga tushe har baki duk lokacin da za a sa. Sai ki ji mace tana cewa gashinta ya ƙi tsawo shekara biyar, yana nan iya wuya. Yana tsawo, 'yar uwa, karyewa yake ta ƙasa. Gashin da ya riga ya sha magani ya gama shan nasa har abada. Sabon tofo kawai ake taɓawa. Gashi yana fitowa kamar santimita ɗaya ne da ɗan ɗoriya a wata, to idan duk wata kike sawa, ina sabon da za ki iya warewa ba tare da kin hau tsohon ba? Kwalaye da yawa suna cewa a jira sati shida zuwa takwas. Ni sai sati goma sha biyu, wani lokaci goma sha shida, kuma kafin in fara ina lulluɓe tsohon gashin da man kaɗanya ko kwandishana mai kauri, don ruwan ɗauraya ma idan ya bi ta kansa yana ci. Kada ki sa kum kina ja alhali maganin yana kai, a lokacin gashin ya fi kowane lokaci rauni. Bayan kum ko yatsa ya isa a kwantar da tushen. Kuma ki cire rai da sai ya miƙe sumul kamar na 'yan fim ɗin Indiya. Gashin da ya rage ɗan lanƙwasa shi ne yake da sauran rai. Wanda ya miƙe ɗoɗar, idan kin ja shi jiƙe sai ya miƙe kamar cingam ya tsinke.

Akwai wani dalilin da ya ƙara sa ni nisanta sawa. A shekarar 2022 masu bincike na cibiyar lafiya ta ƙasar Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 33,000. Sun ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba sa amfani da magungunan miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin ɗari ne za su kamu da kansar mahaifa kafin shekara 70, amma cikin masu sawa fiye da sau huɗu a shekara, kashi 4.05 ne. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke cewa maganin ne sanadi ba. Amma ni da na ji, sai na tsaya a sau uku a shekara, na kuma ƙara tsananta wa kaina kan ƙuna, tunda fatar da ta buɗe ta fi shan duk abin da aka ɗora mata.

Sai wanki. Ki tanadi ruwa kafin ki buɗe roba. Na ga wadda ta gama shafawa ta je famfo ta tarar an ɗauke ruwa, aka dinga gudu gidan maƙwabta da bokiti. Bokiti uku nake ajiyewa, mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. A ɗauraye har sai babu sauran fari, a duba bayan kunne da ƙeya. Sannan shamfun nan da ke zuwa cikin kwali, mai kashe kaifin maganin, ba ado ba ne. Wasu kumfarsu takan koma ruwan hoda idan da sauran magani, ki yi ta maimaitawa har ta fito fara. Ni sau uku nake yi, a na biyu in bar kumfar minti biyar. Idan na roba kika saya wanda ba ya zuwa da shi, ki sayi shamfun daban tun a shagon. Sabulun salo da sabulun wanka ba sa wannan aikin, su ma kaifi gare su, sai maganin ya ci gaba da cin gashin kwana da kwanaki kina ganin yana zuba a kafaɗa. Bayan nan kwandishana mai kyau, minti goma sha biyar ko ashirin.

Ƙananan kuwa ga su a gurguje. Safar hannu ake sawa, ba ledar burodi ba. Ba a juyawa da cokalin ƙarfe ko a kwanon silba. Dayis ko lalle a kai, a bar sati biyu tsakani. Ba a yin kitso mai ja a ranar, ko a satin. "Super" ba na kowa ba ne, yawancinmu "Regular" ya ishe mu. Wanda ake ɗiba a ƙulla a leda a kasuwa, ba suna ba kwanan wata ba lambar NAFDAC, araha ba ta ado. Mai makero, ƙuraje ko wani ciwo a kai ta warke tukuna. Idan ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa minti goma sha biyar zuwa ashirin, sannan a nufi asibiti.

Iyaye mata, ku ji tsoron Allah a kan yaran nan. Yarinya 'yar shekara biyar a danne ta tsakanin cinyoyi ana gobe Sallah, tana ihu ana cewa ta cika raki, don kawai tana kuka wajen kitso. Hoton yarinya mai murmushi a jikin kwali bai canza abin da ke ciki ba. Ki jiƙa mata kan da ruwa, ki sa man kaɗanya, ki taje daga baki zuwa tushe da babban kum, kukan zai ragu. 'Ya'yana biyu babu wadda na sa wa, sai sun girma sun zaɓa da kansu.

Ita yarinyar maƙwabtan namu, na jiƙa mata wurin da ruwan ɗumi a hankali har gashin ya saki, ban ɓamɓare ɓawon ba, na shafa bazilin. Na hana ta man goge baki da man zafi da ƙawayenta suka ce ta sa. Wuri ɗaya ya fara ruwa yana wari, shi na ce wa mahaifiyarta lallai a kai ta asibiti a duba, kuma sun je. Na ce mata wata huɗu kada magani ya kusanci kan nan, kalaba manya-manya kawai, ba ja. Jiya ta leƙo ta nuna min, ɓawon ya fara faɗuwa da kansa.