Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Shata Layin Dogo na Cikin Gari

Kusan duk matashin da ya kawo mini daftarinsa na farko a kan layin dogo na cikin gari, da adadi ɗaya yake buɗe shi: nan da shekara talatin garin zai kai mutum miliyan kaza. A kan wannan adadi ake auna yawan taragu da girman tashoshi da bashin da za a ciyo. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma na gaji da ganin haka, domin ni ma na taɓa yi, na kuma ga abin da ya haifar.

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi, saboda haka duk adadin da ake ambata wa Kano ko Kaduna a yau hasashe ne. A wani aiki da na shiga shekarun baya, mun ɗauki alƙaluman 2006, muka ɗora musu ƙaruwa iri ɗaya a kowace shekara, muka raba wa unguwanni daidai wa daida, sannan muka ja layi ta ɓangaren da taswirar hukuma ta ce nan gari zai faɗaɗa. Da na koma bayan 'yan shekaru, dawa na tarar ta yi kai a inda muka sa tasha ta uku, alhali can ɗaya ɓangaren da ba mu ko leƙa ba, awon igiya ya cinye gonaki, kwanon rufi yana ƙyalli har iya ganin ido. Wahalarmu ta watanni da kuɗin jama'a duk sun bi ruwa, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Tun daga nan ba na sa hannu a kan rahoto sai da hasashe uku, na ƙasa da na tsakiya da na sama, kuma layin da ba zai samu fasinja a hasashen ƙasa ba, ba na ba da shawarar a fara shi. Ina kuma zuwa wurin dillalan filaye da masu buga bulo da masu unguwanni, domin su ke fara sanin inda gari ya dosa. Bayan sallar asuba nakan tsaya a bakin tasha da littafi, in ƙirga motocin haya da a-daidaita-sahu, in tambayi 'yan kamasho layin da ya fi saurin cika. Wanda ba zai iya wannan tsayuwa ba, ya daina kawo mini zane daga kwamfuta yana kiransa bincike.

Abuja ta isa misali. Layin da aka buɗe a Yulin 2018, mai tsawon kimanin kilomita 45 da tashoshi 12, ya haɗa tsakiyar birni da Idu da filin jirgin sama da yankin Kubwa. Ya tsaya a 2020, sai a Mayun 2024 ya dawo aiki. Amma cunkoson da ma'aikata ke sha kowace safiya a hanyar Nyanya da Mararraba da Masaka yana nan, kuma da yawansu a Jihar Nasarawa suke kwana. Mai ƙirga fasinja bisa iyakar jiha ba zai taɓa ganinsu a takardarsa ba.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mini rai, wato a ce tunda ba a san yawan jama'ar gobe ba, a bar maganar fili sai an samu kuɗin gini. Wannan sakaci ne. Rashin tabbas ɗin shi ne dalilin da ya sa ya kamata a killace hanyar tun tana gona, a biya masu ita diyyarsu cikin mutunci, a kafa duwatsun shaida, a hana gini a kai. Idan ba a kai ga shimfiɗa dogo ba, manyan motocin safa sa bi ta wurin, kamar yadda birnin Curitiba na Brazil ya yi tun 1974. A Legas an soma aikin jirgin cikin gari a 1983 zamanin Gwamna Lateef Jakande, aka soke shi a 1985, kuma sai a Satumbar 2023 kilomita 13 na farko na wani sabon layi, daga Marina zuwa Mile 2, suka fara ɗaukar fasinja, bayan garin ya riga ya cika ya batse.

Sauran ƙanana ne, amma ana yawan yin su. A gina dandamalin tasha yadda za a iya tsawaita shi idan an ƙara taragu. Kada a sa tasha inda babu wurin tsayawar keke da bas, domin ba mai taka kilomita uku cikin rana don ya hau jirgi. A ware kuɗin kayan gyara tun cikin kwangila, saboda jirgin Adis Ababa da aka buɗe a 2015 ya yi fama da ajiye taragu da dama don rashinsu. Kashi na biyu na layi kuwa, ni ba na ɗaura shi da shekara. Nakan rubuta cewa a fara shi ranar da fasinjojin kashi na farko suka kai adadin da aka amince da shi.