Yadda Ake Rubuta Kod Mai Sauƙin Gyara a Java

Manhaja takan fi daɗewa a hannun mai gyara fiye da a hannun wanda ya fara rubuta ta. Yau tana aiki lafiya lau, bayan wata shida mai ita ya ce a ƙara caji ko a sauya ƙa'idar cire kuɗi, sai a taɓa wuri ɗaya, uku su lalace. Harsunan da ke gina manhaja da kilas (class, wato tsarin da ke haɗa bayanai da ayyukan da ake yi da su) da abubuwan da ake ƙirƙira daga gare shi, tun daga Simula 67 ta ƙasar Norway har zuwa Java da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, suna da kayan aikin rage wannan ciwon kai, amma sai an yi amfani da su daidai. Mu ɗauki misalin manhajar ajiyar kuɗi ta ƙungiyar 'yan kasuwa.

Mataki na farko, ka ba kowane kilas aiki guda. Kilas ɗin Asusu ya san nawa ke ciki da yadda ake sakawa da cirewa. Buga rasit da tura saƙon tes ba nasa ba ne, a ba su nasu kilas. Robert C. Martin ne ya yaɗa wannan ƙa'ida: kada kilas ya kasance da dalilin sauyawa fiye da ɗaya. In ka ga sauya fasalin rasit ya kai ka buɗe fayil ɗin da ke lissafin kuɗi, to an cakuɗa.

Na biyu shi ne wanda na fi ba muhimmanci: ka rufe bayanan kilas, ka bar shi ya tsare dokokinsa da kansa. Masu koyo kan sa private, kalmar da ke hana taɓa abu daga wajen kilas, a kan kowane filin bayani, sannan su bari editan kod ya zuba masu setter, wato hanyar sauya filin daga waje, ga dukkansu. Wannan kulle ƙofa ne a bar makulli a jiki. In akwai setKudi(), kowane sashe na manhajar zai iya mayar da asusu ƙasa da sifili ba wanda ya sani. Ga yadda ya kamata:

```java
public final class Asusu {
    private long kobo;

    public void cire(long adadi) {
        if (adadi <= 0 || adadi > kobo) {
            throw new IllegalArgumentException("adadi bai dace ba");
        }
        kobo -= adadi;
    }
}
```

Yanzu hanya ɗaya ce tak ta rage kuɗin, kuma dokar tana zaune a bakinta. Ranar da ƙungiya ta ce dole a bar naira 500 a asusu, layi ɗaya za ka gyara. Ka lura kuma an ajiye kuɗin a kobo da long, nau'in cikakkiyar lamba marar ɗigo. Kada ka sa kuɗi a double, nau'in lamba mai ɗigo: a Java, 0.1 + 0.2 na ba da 0.30000000000000004, kuma irin wannan ɓarɓashi na taruwa har lissafin ƙarshen wata ya ƙi daidaita. In lissafin na da kaso da ragowa, BigDecimal, kilas ɗin Java na lissafin lamba mai ɗigo daidai, shi ne nasa. Af, Java na karɓar ƙ da ɗ a sunaye, amma ka guje su, don ba kowane abokin aiki ke da su a allon rubutunsa ba.

Na uku, ka yi hattara da gado, wato kilas ya gaji halayen wani kilas. Kalmar extends da ake yin gadon da ita tana da daɗin rubutawa, shi ya sa ake wuce gona da iri. A ce ƙungiyar na da ajiyar wa'adi wadda ba a taɓawa sai bayan shekara. Da sauri mutum zai sa ta gaji Asusu, ya sa cire() nata ya riƙa jefa kuskure. To duk kod ɗin da ya karɓi Asusu yana sa ran cirewa za ta yiwu, ga shi an miƙa masa wanda ba ya yi. Abin da Barbara Liskov ta yi bayani a kai ke nan a 1987: ɗan kilas ya iya tsayawa a gurbin uwarsa ba tare da wani abu ya karye ba. Mafita ita ce a yi interface, wato jerin ayyukan da kilas ke alkawarin yi, mai suna DokarCirewa, a rubuta ta ajiyar yau da kullum da ta wa'adi daban, kowane asusu a ba shi tasa. Final ɗin da ke kan kilas ɗin sama an sa shi ne don toshe irin wannan gadon.

Na huɗu, abin da kilas ke dogara da shi, a miƙa masa daga waje lokacin ƙirƙirarsa. Kada kilas ɗin hada-hada ya kira new, kalmar ƙirƙirar sabon abu, ya haɗa kansa da kamfanin tura saƙo. Ya karɓi interface mai suna MaiAikaSako kawai. Gobe in an sauya kamfani ba ruwansa, kuma wajen gwaji sai ka ba shi na bogi, ba ka ƙona kati ba.

Batun null, alamar da ke nufin babu komai, gajere ne. Tony Hoare, wanda ya shigo da shi a 1965, ya kira shi kuskuren dala biliyan a 2009. In neman asusu zai iya dawowa hannu wofi, ka mayar da Optional, wato akwatin da ko dai akwai abu a ciki ko babu, wanda ya shigo a Java 8 a 2014. In jeri ne, ka mayar da jeri marar komai.

Daga nan sai gwaji. Da JUnit, kayan gwajin kod na Java, ka rubuta wa cire() aƙalla gwaji uku: cire daidai abin da ke asusu, cire fiye da shi da kobo ɗaya, da cire sifili. Kurakurai a irin waɗannan iyakoki suke ɓuya. In tsohon kod ka gada mai kilas na layi dubu biyu, kada ka rushe shi a dare ɗaya. Ka fara rubuta gwajin da ke tabbatar da abin da yake yi yanzu, ka cire aiki ɗaya zuwa sabon kilas, ka gudanar da gwajin, ka adana a Git, manhajar da ke riƙe tarihin sauye-sauyen kod, sannan ka ɗauki na gaba.