Ƙarfen gwangwan a ƙaramar maƙerar gida: inda aiki ya fi lalacewa da yadda ake gyarawa

A Ingila akwai mutanen da sha'awarsu ita ce ƙera ƙananan injinan tururi a wani ɗan ɗakin aiki a gidajensu. Idan ɗayansu zai fara aiki, odar ƙarfe yake yi da lambarsa, ya san abin da ke cikinsa tun kafin ya iso. Mu nan ba haka muke samun namu ba. Mai son ƙera kurfi ko wuƙa ko ƙafar tebur a tsakar gidansa wurin 'yan gwangwan zai nufa, ko Panteka in a Kaduna yake, ko Ƙofar Ruwa in a Kano yake, ya tsinci wanda ya yi masa a ido a ɗora a sikeli. Ƙarfen yana da kyau, wani ma ya fi sabon da ke kanti, amma ba ya zuwa da suna. Yawancin aikin da nake gani ya lalace a hannun masu koyo daga nan ɓarnar take farawa. Mutum bai san ƙarfen da ke hannunsa ba, sai ya yi masa abin da ya dace da wani.

Abin da ya raba baƙin ƙarfe da ɗan'uwansa shi ne yawan sinadarin kabon da ke ciki. Ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da taga da shi, kabon ɗinsa bai wuce 0.25 cikin 100 ba. Sifirin mota yana da kusan 0.6, tsohon magagari kuwa yakan kai 1 ko ya ɗan haura. Na farkon ko ka kwana kana gasa shi kana tsomawa a ruwa ba zai yi taurin riƙe kaifi ba. Da yawa sun ɓata yini guda suna ƙera wuƙa da shi, ta fito tsaf a ido, amma tana haɗuwa da ƙashi sai bakin ya lanƙwashe.

Gwajin ba ya cin minti biyar. Ɗora ƙarfen a injin gurza ka dubi tartsatsin. In dogaye ne miƙaƙƙu, ba sa fashewa sosai, kabon ya yi kaɗan. In suna tarwatsewa a ƙarshe, kowane yana fitar da 'ya'ya, to ka samu. Wanda ya fi wannan tabbaci shi ne ka yanki ɗan guntu, ka gasa shi ya yi ja, ka tsoma, sannan ka goga masa magagari. In magagarin ya ci, ƙarfen bai yi tauri ba. In ya zame yana ƙara ba tare da ya ɗebi komai ba, ya yi. Rodin gini kuwa kada a dogara da shi, domin galibi daga narkakken gwangwan ake yin sa, wannan sandar ta taurara, waccan ta ƙi.

Wuta da tsomawa

Nan ne aka fi yin asara, kuma nan ne ya kamata a fi natsuwa.

Kuskure na farko shi ne duba launin ƙarfe a cikin rana. Ƙarfen da ya riga ya kai zafin da ake so, in ka fito da shi tsakar rana sai ka ga kamar bai soma ja ba. Mai koyo sai ya ci gaba da zuga, har ƙarfen ya haura digiri 1,000, ƙwayoyin cikinsa su yi manya. Irin wannan ko an yi masa komai daidai daga baya, bugu ɗaya yake jira ya karye. In ya karye ka dubi wurin: za ka ga ƙwayoyi masu ƙyalli kamar tsakin masara, alhali ƙarfen da ya gasu daidai cikinsa sumul yake, ruwan toka, ba ka iya rarrabe ƙwayar da ido. Maganin shi ne a yi aikin a inuwa ko bayan rana ta faɗi, a kuma ajiye maganaɗisu a kusa. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770. Da ka taɓa ka ji ya saki, mayar da shi wuta jan ya ɗan ƙara haske kaɗan, wato wajen 800 zuwa 830, sai ka tsoma nan take. Kafin wannan, in ka sha dukan ƙarfen a kan uwar maƙera, gasa shi zuwa wannan zafin sau biyu ko uku kana barinsa ya huce a iska. Hakan yana mayar da ƙwayoyin ƙanana, yana kuma rage karkacewa.

Na biyu shi ne ruwa. Mai koyo ya ga tsohon maƙeri yana tsoma gatari a kasko, shi ma sai ya jefa sifirinsa gaba ɗaya a bokiti, ya ji wani ɗan sauti "ƙas", ya fito da wuƙa mai tsaga daga baki har gadon baya. Abin da bai lura da shi ba, dattijon bakin kawai yake sa wa ruwa, ya ɗaga, ya duba, ya sake, kuma shekaru ne suka koya wa hannunsa wannan lissafin. Sifirin mota mai yake so, domin mai yana sanyaya shi a hankali fiye da ruwa. Man gyaɗa yana yi sarai, musamman in an ɗan ɗumama shi, kuma za a daɗe ana amfani da guda. Baƙin mai da aka juye daga inji shi ne mai arha, amma hayaƙinsa guba ne, ba na ba kowa shawarar sa. A zuba man a gwangwanin ƙarfe mai zurfi mai murfi, ba roba ba, saboda in ya kama da wuta murfin ne zai kashe ta. Kada a kuskura a watsa wa mai ruwa. A shigar da ƙarfen a tsaye, baki ko tsini a gaba, ana motsa shi sama da ƙasa. Kaɗa shi gefe da gefe shi ke sa ya fito a karkace.

Na uku, wanda ya fi ba ni takaici domin aikin ya kusa kammaluwa, shi ne tsayawa a nan. Ƙarfen da ya fito daga mai ya yi tauri, amma taurin da ba ya jure bugu, ko faɗuwa ya yi a kan siminti yana iya rabewa biyu. Dole a sake ɗumama shi kaɗan don a sassauta shi, kuma a ranar, kada a bari ya kwana. Goge gefe ɗaya ya yi fari tas, sannan ka sa masa zafi a hankali ta wurin da ya fi kauri, nesa da baki. Za ka ga launi yana tafiya a kan farin yana nufar bakin. Ruwan zuma ne ke fara zuwa, a wajen digiri 220 zuwa 230, shi ne na wuƙa. Sai ruwan ƙasa da shunayya, 260 zuwa 280, na kurfi da gatari. Shuɗi yana wajen 300, ya dace da abin da ake so ya lanƙwasa ya dawo, amma ga wuƙa ya yi laushi. Da launin da kake so ya isa baki, tsoma don ya tsaya. In ya wuce ka, babu gyara sai an koma wuta daga farko.

Abu biyu a nan da ake yawan mantawa. Kan kurfi, inda guduma ke sauka, ba a taurara shi, in ba haka ba ɓarɓashi zai tashi ya shiga ido ko hannu. Sannan wurin wasawa a inji, in ka danne har bakin ya yi shuɗi, ka ƙone taurin da ka sha wahala a kansa. Taɓa kaɗan, tsoma a ruwa, sake taɓawa.

Huda da haƙoran noti

Duk ramin da za a huda, a huda shi kafin a taurara ƙarfe. Sifiri ma yadda aka ciro shi daga mota ya fi ƙarfin bakin huda na gama-gari. Gasa shi ya yi ja, ka binne shi a toka ya kwana, da safe zai huɗu ba gardama.

Abin da ke ƙone bakin huda shi ne gudu. Mutane suna danna injin har ƙarshe ko da wane baki aka sa, alhali gwargwadon kaurin baki gwargwadon rage gudu. A ƙarfe mai laushi, baki mai milimita 3 yana ɗaukar juyi kusan 3,000 a minti, mai milimita 10 kuwa 800 zuwa 900 ya ishe shi. Ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa yana son rabin haka ko ƙasa, da dannawa mai ƙarfi, domin in baki ya tsaya yana shafa shi ba ya ci, wurin taurara yake yi nan take. Alamar aiki na tafiya daidai ita ce ɓawon ƙarfe ya riƙa fitowa a murɗe. In gari kake gani da hayaƙi, tsaya. Buga ɗan gurbi da tsini kafin ka fara don kada baki ya yi yawo, ɗiga mai, in ramin babba ne fara da ƙaramin baki. Kuma a matse ƙarfen a tebur. Daidai lokacin da baki zai ɓulla ne yake cafkar falle ya juya da shi, hannun da ke riƙe kuwa shi zai sha yanka. Faɗin hannun riga, safar hannu da jelar rawani duk a nisanta su da abin da ke juyawa.

Wurin yanka haƙora a rami, lissafin mai sauƙi ne: a cire tazarar haƙori daga kaurin ƙusar. M6, wato ƙusa mai kaurin milimita 6, yana son rami mai milimita 5, M8 yana son 6.8, M10 yana son 8.5. In ramin ya yi ƙanƙanta, ƙarfen yankan zai karye a ciki, ciro shi kuwa aiki ne ja. Juya gaba sau ɗaya, koma baya rabi don ɓawon ya karye, da mai, kuma a tsaye cak.

Walda

A nan ma rashin sanin ƙarfe ne ke kayar da mutane. Sandar walda mai lamba 6013 da ke ko'ina an yi ta ne don ƙarfe mai laushi. In ka liƙa sifiri da ita, waldar za ta yi kyau a ido, amma gefenta ya taurara, ranar da nauyi ya hau sai ya tsage daga nan. Jikin tsohon keken ɗinki da bulok ɗin tsohon inji kuwa galibi ƙarfen zubi ne, kabon ɗinsa ya haura 2 cikin 100. Shi sai da sanda mai nikel, a ɗumama shi tukuna, a yi ɗinki gajere-gajere, a rufe shi da yashi ko toka ya huce a hankali.

Firam ɗin tebur ko ƙofa da ke fitowa a karkace, sababin shi ne an cika kusurwa ɗaya da walda kafin a taɓa sauran. Walda tana janyewa in tana hucewa. Ɗiga ɗigo a kowace kusurwa, auna daga wannan kusurwa zuwa ta can a gicciye, ka auna ɗaya gicciyen. In sun zo ɗaya, sannan ka cika, kana tsallakawa daga gefe zuwa kishiyarsa. Sanda mai milimita 2.5 tana aiki tsakanin amfiya 60 da 90, mai 3.2 tsakanin 90 da 130. In sanda tana ta liƙewa, ko wuta ta yi ƙasa ko sandar ta sha danshi, abin da ya zama ruwan dare da damina.

Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda. Wanda ya yi amfani da shi, cikin dare zai farka idonsa na raɗaɗi yana zubar da hawaye. Gilashi mai lamba 10 ko 11 a cikin garkuwar fuska shi ne daidai, kuma a kori yara daga wurin, domin su ne ke tsayawa suna kallo.

Abin da ke kai mutum asibiti

Faifan injin gurza yana ɗauke da iyakar gudunsa a rubuce. Mai milimita 115 yana kai juyi 13,300, mai 230 kuwa wajen 6,600 ne iyakarsa. Wasu sukan ɗauki babban faifai da ya cinye su ɗaura a ƙaramin inji, su cire murfin kariya don ya shiga. Faifai in ya tarwatse a wannan gudun, fuska da wuya yake nema. Siririn faifan yanka kuma ba a gurza da gefensa.

Bututun ruwa da kwanon rufi an shafe su da tutiya, wadda ke tafasa a digiri 907, ƙasa da zafin walda nesa ba kusa ba. Farin hayaƙin nan da ke tashi ita ce. Bayan 'yan sa'o'i sai zazzaɓi da sanyi da ciwon jiki, mutum ya zaci cizon sauro ne. Madarar da ake cewa a sha ba ta tare komai, domin hayaƙin huhu yake shiga. A gurje tutiyar daga inda za a liƙa, a yi aikin a fili, iska na kaɗawa daga gefe.

Sai duro da tanki. Duron da aka juye fetur ko sinadarin fenti daga cikinsa ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya rage ya gauraya da iska, tartsatsi ɗaya yake jira. Ɗauraya ba ta fitar da wanda ya maƙale a ɗinkin gindi, daɗewa a ajiye ma ba ta fitar da shi. In ya zama dole a yanka, a buɗe murafansa duka, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a cika shi da ruwa har kusa da layin yanka, a bar ruwan a ciki har a gama. Duron da ba ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, da tsohuwar tukunyar gas, a bar su wurin mai sikeli ko da kyauta ya bayar.