Darasi na 7: Ragowar abincin da ke cikin firiza

'Yan uwa, darasin yau na kicin ne, amma akwai karatu da rubutu da lissafi a ciki, don haka kowa ta ajiye biro kusa. Kusan duk gidan Bahaushe a nan Makka da Jidda da Madina akwai tallaja, wato firij, ko ba babba ba dai akwai ɗan firiza a samanta, kuma in aka buɗe sai a tarar da ledoji ƙulli-ƙulli sun daskare, wannan shinkafar walimar suna ce, wancan naman layya ne, wancan kuma babu wanda ya san ko mene ne har uwargidan da ta saka shi da hannunta. Duk riyal aka ba da kafin su shigo gida. Kuma tun watan Yulin 2020 da harajin saye ya koma kashi 15 cikin 100, duk abin da kika ɗauko a baƙala, wato kantin unguwa, sai kin ji shi a jikinki.

Binciken da hukumar hatsi ta Saudiyya ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 33 cikin 100 na abincin ƙasar nan asara yake zama, wajen riyal biliyan 40 a shekara. Wallahi abin akwai ciwo, a garin da muke karanta "ku ci, ku sha, kada ku yi ɓarna" cikin Suratul A'araf, ga kuma 'yan uwanmu a gida da wata rana ko sau biyu ba sa ɗora tukunya.

Toh abu na farko, rubutu. Kada wata leda ko roba ta shiga firiza sai an manna mata farin salatif an rubuta abu biyu, sunan abincin da kwanan wata. Misali: Kabsa 12/3. Nama 20/6. Shikenan. Wadda hannunta bai gama faɗawa ba ta rubuta harafin farko kawai, K ko N, da lambar wata, a hankali sauran za su zo. Kalanda ɗaya za ki riƙe, ko ta Hijira ko ta Miladiyya, kar ki haɗa su ki rikita kanki. Wannan ɗan rubutun shi ne zai nuna miki wanda ya riga shiga, shi kuma ya kamata ya riga fita. Dafaffen abinci a cinye shi cikin wata 2 zuwa 3, ɗanyen nama gunduwa-gunduwa yana kai wata 6 har fiye, niƙaƙƙen nama wata 3 zuwa 4. Bayan haka in dai firizar na riƙe da sanyinta, wato digiri 18 ƙasa da sifili, ba wai ya zama guba ba ne, ɗanɗano ne yake gudu, ki ga naman ya yi fari-fari ya bushe saboda iska ta shiga ledar.

A nan nake so mu daɗe, don nan ne ake cutuwa. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi, da abinci ya narke ya ɗumama sun ci gaba da hayayyafa daga inda suka tsaya. Shi ya sa faranti ba zai kwana a falo ba sannan da safe a ce a kai firiza. Awa 2 ne iyaka bayan an sauke, in lokacin zafi ne irin na Makka da rana ke wuce digiri 40 kuma kicin babu AC, to awa 1. Shinkafa ta fi komai haɗari a nan, akwai wata ƙwayar cuta da ke jure dahuwa a cikinta, in shinkafar ta daɗe a waje da ɗumi sai ta saki dafin da ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa, daga nan sai amai da gudawa, yara da tsofaffi su suka fi jigata. Ki baza ta a faffaɗan tire ta huce da wuri, ki raba ta daidai cin sau ɗaya, ki danne ledar ta yi faɗi iska ta fita. Wajen narkarwa kuma dan Allah a daina ajiye nama a bakin taga ko a kan sink tun safe har la'asar. Ki sauko da shi ƙasan tallaja tun dare a cikin kwano, ko in sauri kike ki tsoma ledar a ɗaure cikin ruwan sanyi kina canja ruwan duk rabin awa. Ɗumame sau ɗaya ne, ya yi zafi har tsakiya yana turiri, abin da ya rage bayan wannan kar ya koma firiza.

Yanzu girki. Shinkafar kabsa ko ta mandi da ta rage, ki soya albasa da attarugu da ɗan mai, ki fasa ƙwai biyu ki dagargaza, ki juye shinkafar ki yayyafa ruwa kaɗan ki rufe, minti goma ta zama abincin rana. Farar shinkafa kuwa tuwo za ta koma, a ƙara mata ruwa ta dahu luguf a tuƙa, sai dai basmati ba ta da danƙo irin ta tuwo ta gida, sai kin barbaɗa mata garin shinkafa ko semolina kafin ta kama jikinta. Naman da ya rage a jikin ƙashi ki zare shi sili-sili, ya shiga sambusa da albasa, ko ki daka shi ki soya da yaji ya zama dambun nama na cin burodi. Ƙashin ma kar ki yar, ki tafasa shi da citta da tafarnuwa da kanumfari, romon nan shi ne shorbar azumi in kin zuba masa shufan (oats) da tumatir, shi ne kuma ruwan miyar kuka. Kuka da busasshiyar kuɓewa ranar ci ake kaɗa su, romon kawai za ki daskarar, miyar ta fi fitowa.

Burodin tamis da khubz da suka bushe, ni su suka fi ba ni tausayi a bakin bola. A yayyanka a jiƙa da romo mai zafi an samu fatta, ko a murmushe a haɗa da ayabar da ta nuna ta yi baƙi, a zuba madara da ɗan zuma ko sukari, ga ma'asub na karin kumallo ba sai an aiki yaro da kuɗi ba. Ayabar ki ɓare ta kafin ki saka a firiza. Tumatirin da ya fara laushi kuma, musamman in an sayo kwali guda da araha a halaga, wato kasuwar kayan miya, a markaɗa da tattasai da albasa a tafasa ruwan ya tsotse, a ƙulla daidai miya ɗaya ɗaya.

Salak, kokwamba, dafaffen ƙwai da laban (nono) ba sa son firiza, ruwa suke zama ko su tsinke, waɗannan a cinye ko a miƙa wa maƙwabta. In wuta ta ɗauke kar a riƙa buɗe ƙofa, firiza cikakkiya tana riƙe sanyi wajen awa 48, wadda take rabi awa 24.

Ki ware rana ɗaya a sati wadda ba za a sayo komai ba, abin da ke firiza shi za a ci, ranar kafin a je cefane ta fi dacewa don a samu wurin zuba sabon kaya.

Aikin gida. Ki buɗe firizarki ki rubuta sunan abu biyar da kika gani a ciki, kowanne da watan da kike zaton ya shiga, ki ja layi a ƙarƙashin wanda ya fi daɗewa. Sannan lissafi: a ce gidanku na kashe riyal 35 a abincin rana ɗaya, in kuka ci daga firiza sau ɗaya a sati, riyal nawa ya tsira a sati 4? Nawa ne a sati 52? Ki zo da amsar a rubuce darasi mai zuwa, ki kuma zo da salatif da biro, za mu gwada rubuta kwanan wata tare.